Goyon Tukunyar Inna

Mu uku ne a wannan tafiya: ni, da Kawu ƙanin Inna, da ɗansa, wanda yake taubashina, mai tuƙin jirgin ruwa a Wara. Inna ba ta je ba, amma ita ta aike mu. Tun da aka toshe kogin Kwara a Kainji, aka kwashe mutanen gungunmu, wato tsibirinmu, zuwa tudu, ba ta da zance sai na tukwanenta biyu na irin jar shinkafa, wadda ta gada daga mahaifiyarta. Al'adar matan gungunmu ce kowace kaka su cakuɗa iri da toka, su liƙe bakin tukunya da yumɓu, a kai musu kogon wani dutse inda ɓera da gobara ba sa kaiwa. A gaggawar tashi aka manta da nata. Ta bincika cikin dangi, ba ta sami mai ƙwaya ɗaya ba, ruwa kuwa kullum hawa yake yi.

Ni da Kawu mun bar Yelwa da asuba cikin motar ɗaukar albasa. Na yi shiri irin na wanda ya yi karatu: sabuwar igiya da na sayo a Zariya, da takalma masu ƙusa, da littafin da ya bayyana yadda Turawa suke hawan duwatsu. A bakin ƙofa Inna ta miƙo mini wani tsohon zanen saƙi, ta ce in riƙe, zan buƙace shi. Na ɗauka don sanyi ne.

Hanyar Ngaski jar ƙasa ce mai gargada, direbanmu kuma ba ya wuce rafi bai shayar da motarsa ba. Mun ratsa sababbin ƙauyukan da gwamnati ta gina, gidajen siminti a jere, kowanne kamar ɗan'uwansa. Abin da ya burge ni shi ne, kusan kowane gida an riga an ɗora masa rumbun laka a gefe, irin na da. Mun isa Wara da azahar, muka ci tuwon shinkafa da romon giwan ruwa, wanda har yau ban daina tunawa da shi ba. Taubashina ya dubi takalmana, ya tambayi mahaifinsa ko yaushe bawansa ya shiga aikin ɗan doka.

Daga nan sai jirgi. Mun bi tsakanin kawunan giginyu da suka rage a saman ruwa, Kawu yana nuna mana gonakin mutane da sanda, har ya nuna tasa ya ce bana kifi ke noma masa ita. Da la'asar muka shiga kwazazzabon da kogon yake. Ruwa ya riga ya cika gindinsa, amma gefensa biyu cike suke da maɗaci da kanya, birai suna ta yi mana kallon baƙi. Muka kafa tamfol a kan wani falalen dutse, muka gasa kifi, muka ci da jar albasa. Kafin magariba Kawu ya kafa kara a bakin ruwa. Da gari ya waye, rabin karan ya nutse.

Kogon yana sama da mu kamar tsayin mutum shida, bakinsa kuma ƙunci gare shi, sai siriri ke shiga. Gwiwar Kawu ta daina hawa, taubashina kuwa ƙato ne, don haka aikin ya faɗo kaina. Na fara hawa da takalmana, na zame sau biyu.

"Hidda takalman ga, Malam," in ji Kawu. "Wanga dutsi da yatsu aka hawa nai."

Na cire su, na ajiye a bakin falalen. Sai a sannan ƙafata ta gano ƙananan ramukan da kakanninmu suka sassaƙa, kowanne daidai babban yatsa. Na yi bisimilla, na hau. Daga bakin kogon na hangi tafkin ya shimfiɗu har inda ido ya gaza, na kuma ji wani farin ciki da ban taɓa jin irinsa a aji ba.

Tukwanen suna nan, da zanen tsefe uku da Inna ke yi a wuyan kayanta. Na ɗaure ta farko da ƙullin da littafina ya koyar, don in zura ta ƙasa da igiya. Kawu ya ɗago murya ya ce ba haka ake yi ba, ni kuwa na amsa masa cikin ladabi cewa ƙullin nan yana ɗaukar mutum. Ƙullin bai kwance ba, gaskiya ne. Tukunyar ce ta yi lilo ta bugi dutse, ta dare. Ina kallo shinkafar ta zube cikin ruwa, igiyar ta bi ta, ta share takalmana daga falalen.

Saura tukunya ɗaya a duniya.

"Ina zanen da Yaya ta ba ka?" Kawu ya tambaya a hankali. "Goya ta za ka yi. Haka uwayenmu ka sauko da ita."

Zanen yana ɗaure a ƙuguna. Na duƙa, na ɗora tukunyar a baya, na ja zanen na ɗaure a ƙirji yadda na ga mata suna yi. Na sauko rami bayan rami, tabarauna ya zame ya faɗi, ban ko waiwaye shi ba. Da ƙafata ta taɓa falalen, taubashina ya durƙusa ya ce, "Barka da sauka, mai jego. Namiji ko mace?" Kawu ya yi dariya har da hawaye, ni ma ban iya riƙe tawa ba.

Ban sauke goyon ba har Wara, a mota kuma a cinya na rungume ta. Inna ce ta fasa yumɓun da hannunta, ta busa tokar, ta ciji ƙwaya ɗaya. Ta ce, "Da ranta." Daga nan ta tambayi zanenta, ba ta tambayi ɗayar tukunyar ba. Ta riga ta karanta labarinta a ƙafafuna.

Na koyi cewa kafin in buɗe littafi, ya kamata in tambayi abin da aka ba ni zane dominsa. Abin da muka rasa: tukunya ɗaya, igiya ɗaya, tabarau ɗaya, takalmi ƙafa biyu.