Ranar da Muka Kurmance a Gindin Ruwa

Tun da kunnen Inna ya mutu, bakinta ma ya bi shi. Matar da ba a hira a gidanmu na Kontagora ba ta sa baki ba, ta koma zama a gefe tana kallon leɓunanmu. In aka yi dariya ta taya da murmushin da bai kai ciki ba. Abin yana ci mini rai, ga shi ba ni da haƙurin maimaita magana, sai in yi ta ɗaga murya har maƙwabta su ji.

Bayan damina ƙanena ya matsa mu kai ta ganin ruwan nan mai zubowa daga kan dutse, cikin kurmin da ke gaba da ƙauyen su Inna ta wajen Kaboji. Na ce wahalar banza, mutum ya bar famfo a gida ya tafi kallon ruwa. Haka dai muka hau bas, muka ƙarasa a kan kabu-kabu ina mita.

Wurin ya ba ni kunya. Itatuwan maje da kanya sun rufe sama, ga sanyi kamar gindin randa. Ruwan yana faɗowa ta kan farin dutse, irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa, duk reshen da ya daɗe a ciki ya yi farin ɓawo mai tauri. Ga ƙara! Muna isa gindinsa na ga bakin ƙanena yana motsi, ko harafi ban ji ba. Sai Inna ta dafa ni, ta kawo baki kusa da kunnena.

"Cewa ya yi ki cire takalmi, akwai santsi. Ke kurma ce?"

Daga nan ta zama tafintarmu. Ta karanta bakinsa ta kawo mini, har da ƙarin gishiri, wai ya ce na yi ƙiba, shi kuwa yana ta rantsuwa da hannu. Ta nuna mana inda suke wanki suna 'yammata, da itacen da biri ya taɓa hayewa da ɗankwalinta. Muka ci dafaffiyar gyaɗa, bakinta bai huta ba. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina.

Da la'asar ta yi na ce mu tafi. Ta dubi bakina.

"Na gane, 'yar nan. Ku ɗan ƙara mini lokaci. A nan kowa ake yi wa ihu, ba ni kaɗai ba."

Na koma na zauna kusa da ita.