Wasiƙar Duduzile Zuwa Bayan Shinge

Shekara ashirin da uku Duduzile Nkala ta yi tana taka keken ɗinki a wata masana'antar tufafi a Bulawayo, har ranar da aka garƙame ƙofar aka ce kowa ya kama gabansa. Ba ta zauna kuka ba, don ba halinta ba ne. Mace ce mai rawar kai, irin wadda in ta samu labari mai daɗi sai duk layinsu a unguwar Luveve ya ji kafin ta cire takalmi. Matan da ke sammakon kasuwa suka fara bar mata 'ya'yansu, yau biyu, gobe biyar. Kafin shekara ta zagayo, yara goma sha huɗu ne ke birgima a tsakar gidanta suna shan kunun masara.

Wata Litinin sai ga jami'in tsara gari a ƙofarta. Mutum mai ladabi, har shayi ya sha. Ya shimfiɗa mata taswira, ya nuna mata unguwarsu an shafe ta da launin rawaya, ya ce wannan launi na gidajen zama ne kawai. Takardar mallakar gidanta ma haka ta ce: iyali ɗaya, ban da sana'a. In tana son gidan raino sai ta nemi izini na musamman. In ba ta samu ba, dole yaran nan su watse.

Da wata ce da ta karaya. Duduzile kuwa "izini" kawai kunnenta ya kama. Ashe ita ma za ta iya zama mai makaranta da takarda, har da allo a bakin ƙofa! Jami'in bai kai ƙarshen layi ba ta rangaɗa guɗa.

Wata huɗu ta yi ƙafarta ba ta huta ba. Aka zana mata taswirar gidan, ta gina ɗan banɗakin yara, ta fasa ƙofa ta biyu saboda gobara, ma'aikacin lafiya ya zo ya auna ɗaki da tagogi. Ranar da sanarwarta ta fito a jarida, guda uku ta saya, ta bi gida gida tana nuna sunanta, duk da rubutun ƙanana ne sai an kanne ido. Sharaɗi ɗaya ya rage: duk maƙwabcin da shingensa ya taɓa nata, ta aika masa wasiƙar rajista ta gidan waya, ta kawo shaida. Mai ƙorafi yana da kwana talatin.

Maƙwabta uku ne. Biyu ba su da matsala. Ta ukun ita ce Gogo MaGumbo, tsohuwar da suka yi shekara talatin suna miƙa wa juna gishiri da garwashi ta saman shinge. Ita ta yi wa ɗan farin Duduzile wankan farko. Nata 'ya'yan da jikoki duk sun ƙetare iyaka zuwa birnin Egoli neman abinci, ita kaɗai ce a gidan.

To, a nan ne ɗoki ya kwashe wa Duduzile hankali. Kowa a Luveve ya san babbar magana ba a aika wa babba ita. Ƙafa ake ɗauka, a durƙusa, a tafa hannu, a faɗa da baki. Ita kuwa sai ta ƙudura za ta yi wa Gogo ba-zata: ambulan mai kan sarki da hatimi, da sunan tsohuwa ɓaro-ɓaro. Tana liƙe shi tana dariya ita kaɗai.

Bayan mako guda Gogo ta daina amsa gaisuwa. Duduzile ta ce ciwon gwiwa ne, ta ci gaba da yi wa allonta fenti. Sai a rana ta ashirin da shida jami'in ya kira ta ofis ya ce an shigar da ƙorafi ɗaya, a kan hayaniyar yara. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, kuma ƙorafin maƙwabcin jikin shinge yana da nauyi ƙwarai. Ta tambayi sunan. Ya ce Gogo MaGumbo ce.

Ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi shingen.

"Gogo! Gogo, ni za ki yi wa haka? Me na yi miki?"

Tsohuwa tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba. "Wa ke magana? Au, mai makaranta ce. Ki rubuto mini, 'yar nan. Ai kin san hanyar gidan waya."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Kunya ta rufe ta, don sai a lokacin ta ga abin da ta aikata.

Washegari da hantsi ta ɗaura zani a kan siket, ta saƙalo kaza a hammata, ta zagaya ta ƙofar gaba kamar baƙuwa. Ta yi sallama, ta durƙusa a gefen tabarma, ta tafa hannu, ta kira tsohuwa da kirarin zuriyarta.

"Gogo, na yi wauta. Doka ce ta ce a aika, amma doka ba ta hana ni zuwa ba."

Gogo ta daɗe tana kallon kazar. "Kin san sau nawa na taɓa sa hannu a kan wasiƙa a rayuwata? Sau ɗaya. Daga mahaƙar kwal ta zo, ranar da rami ya rufta da baban su Mehluli. Da aka kawo mini 'yar takardar nan aka ce in je in karɓa da kaina, na ce shi ke nan, ɗana Mehluli ne ya mutu a Egoli. Da sandata na tafi, sau uku ina zama a hanya. Yarinyar da ke bayan kanta ce ta karanta mini. Sai na ji wai Dudu ce. Dudun da in ta yi tari ina jin ta!"

Duduzile ta fashe da kuka, irin na gaske, har kazar ta tsorata.

"Ke, rufe mini baki, kada a ce duka nake yi." Tsohuwa ta goge nata idon da bakin ɗankwali. "Hayaniya kuma! Ni da gidana ya yi tsit, in ba ihun 'ya'yan nan naki ba wa zai gaya mini gari ya waye? Haushi ne ya sa na faɗa."

Ranar Laraba Gogo ta sa kayanta na zuwa coci, suka hau mota tare zuwa cikin gari. A gaban jami'in ta ce ta janye, amma da sharaɗi: a fasa mata 'yar ƙofa a shingen, don ta gaji da leƙe.

"Gogo, ai babu ƙofa a nan a taswirar," in ji shi.

"To ba ga alƙalami nan a aljihunka ba, ɗana? Ko na ado ne?"

Sai da aka sake zane aka sake buga hatimi, amma an fasa ƙofar.

Bayan wata biyu izinin ya iso, shi ma ta rajista. Tun daga gidan waya Duduzile take gudu, mace mai shekara hamsin da biyu, takalmi a hannu, tana ɗaga ambulan sama, yaran layi na bin ta da ihu. Ta ratsa tsakar gidanta, ta kai bakin 'yar ƙofar shingen, sai ta ci birki. Ta tura ambulan cikin riga, ta daidaita numfashi, sannan ta ɗaga murya.

"Gogo, kowa lafiya! Mehluli lafiya, jikoki lafiya, babu wanda ya mutu. Yanzu in shigo in nuna miki wani abu?"