Kwanar Gindin Marke

Duk inda na ji warin kwalta mai zafi sai gabana ya faɗi. Shekaranjiya ma na ji shi a bakin kasuwa ana cike ramukan titi, na tsaya cak kamar an kira ni. Ba a daɗe da rasuwar kakata ba, shi ya sa komai yake kai ni gare ta.

A hannunta na tashi, a wani ƙauye kusa da Karare. Mahaifina ya rasu ina goye, mahaifiyata ta yi wani auren can nesa. Shi ne ɗan farin kaka, kuma ka san yadda tsofaffinmu suke da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi. Yana raye ba ta taɓa cewa "ɗana" ba, da ya mutu ma ba ta fara ba. In magana ta biyo ta kansa sai ta ce "wancan", ta ci gaba da tsince wakenta.

Lokacin da ya rasu gidanmu ba su musulunta ba tukuna. Saboda haka ba a maƙabarta yake ba. A gonarmu aka binne shi, gindin wani marke, yadda kakanni suke yi, babu dutse babu alama. Kaka dai ba ta barin garma ta taɓa wurin. Da damina gero yakan kewaye shi, shi kuwa fili. A wurin take shimfiɗa mini zane, ta dama fura ta ce, "Maigida, sha, kada a ce ina barin ka da yunwa." Ba wanda ya gaya mini abin da ke wurin, amma na sani.

Wata shekara bayan an gama girbi, ma'aikatan gwamnati suka zo da maganar titi da zai haɗa mu da Batsari. Suka ce ba su kaɗai za su yi ba, tare da mu za a yi. Aka kafa kwamitin dattawa, har da baffana, ƙanen mahaifina. Aka ce samarinmu za a ɗauka aiki. A ƙofar gidan mai gari injiniyansu ya ce duk abin da ba a so titi ya taka, a faɗa tun kafin a kafa turaku. Aka ambaci masallaci, da tsohuwar rijiya, da maƙabarta. Wani Bafulatani ya tuna musu burtalin shanu. Duk suka yarda za su kauce.

"Saura me?" in ji injiniya.

Baffa ya sunkuyar da kai. Sai muryar kaka ta fito daga wajen mata. "Akwai abu nawa a gindin marke."

"Wane abu, Iya?"

"Na wancan ne."

"Wancan wa?"

Wani daga baya ya ce, "Tsafin da ne," aka yi dariya. Baffa ya yi sauri ya ce, "Ranka ya daɗe, tsofaffin abubuwa ne, mun bar su." Ina zaune a wurin, amma yaro ba ya sa baki a taron manya.

Aka kafa turaku masu jan kai. Ɗaya ya tsaya daidai inda kaka take shimfiɗa mini zane. Daga nan muka fara jin rurin katafila daga nesa, kullum yana ƙara matsowa. Kaka ta rage cin abinci. Na ji ta sau ɗaya tana ce wa baffa, "Kai ba ka da baki ne?" Ya ce, "Inna, in na ta da maganar nan cewa za a yi har yau ba mu tuba ba. Su kuma su kai titin wani gari, mutane su tsane mu." Ban riƙe shi a zuciya ba. Tsoro ne ya kama shi.

Ranar da katafila ta iso gonarmu, da hantsi, kaka ta kama hannuna muka je muka zauna a jikin turken. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashinmu. Direban ya yi ta daka tsawa, "Iya, tashi! Ƙarfen nan ba ya da ido!" Ba ta motsa ba. Mutane suka taru. Injiniyan ya zo ya durƙusa a gabanta, gumi yana zuba masa.

"Iya, mun tambaye ku fa. Gaya mini abin da ke nan. In ban sani ba, ba ni da ikon tsayar da aiki."

Ta dubi baffa. Baffa ya dubi ƙasa.

"Ɗana ne," ta ce. "Ɗana na fari. Uban wannan."

Sannan ta kira sunansa, a gaban maza, a gaban baƙi. Tsofaffin mata suka rufe baki da hannu. Ranar na fara jin sunan mahaifina daga bakin wadda ta haife shi.

Injiniyan ya cire hularsa, ya tumɓuke turken da kansa. Kwamiti ya sake zama, baffa ya ba da gefen gonarsa, titi ya yi kwana ya bar marken a dama. Kaka kuwa ta daɗe ba ta zuwa rijiya don kunya. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara faɗin sunan ba.

Yanzu ba a noma gonar nan. Rashin tsaro ya kwaso yawancinmu zuwa cikin gari, direbobi kuma ba sa son rage gudu a daji. Da muka je ƙauye binne ta, mai motar da ya ɗauko mu ya taka birki a wurin ya yi tsaki. "Wane mara aikin yi ne ya sa kwana a fili fetal?" Na juya ina kallon marken har ya ɓace, na kira sunan a hankali, yadda ta faɗe shi.