Ragon Suna da Man Jirgin Sama

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata na manta su, amma ranar sunan ɗan farin abokin wasana ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Shi ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, don haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuwa bai taɓa yarda ya ce mini ubangida ba, ko da wasa.

A lokacin yana da wani jan babur da yake ɗaukar fasinja daga Gaya zuwa ƙauyuka. Yana kuma da aboki a birni, mai aiki a wurin gyaran ƙananan jiragen sama, irin masu farfela a hanci. Kullum da safe akan tsiyayi ɗan mai daga ƙarƙashin fiffike a duba ko ruwa ya shiga, kuma wanda aka tsiyaya ba ya komawa tanki. Shi ne abokin ya tara masa a jarka, wai ya riƙa wanke ƙarafa da shi. Man shuɗi ne kamar an jiƙa bula. Bawana na ganinsa ya ce wannan ya fi ƙarfin wanke ƙarfe, ya juye shi a babur.

Daga ranar Gaya ba ta sake hutawa ba. Kullum sai ya zo teburin mai shayi ya bar injin yana ta bugawa a hankali, don kowa ya shaƙi hayaƙin ya tambaya. A kasuwa kuwa mai tura baro ma wuce shi yake yi. In an ce ya ƙara wuta sai ya ce, "Kai, man jirgi ne a ciki. So kake in tashi sama da fasinjan mutane?"

Ana cikin haka matarsa ta haihu a gidan iyayenta a Kademi. Surukinsa dattijo ne mai tsare gida, kuma dama can bai gama yarda yaron yana da natsuwa ba. Kowa ya san in rago ya makara ranar suna, shi ke nan, dattijon ya samu abin faɗa har abada. Gwaggo ta ce a kai ragon tun ana gobe suna. Ɗanta ya ce ba komai, kafin a gama shimfiɗa tabarmi mun isa.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, shi a gaba, ni a baya, rago a kan cinyata. Damina ce, dawa ta yi tsawo hagu da dama. Mun bar gari ke nan, an shiga yashi, ya murɗa wuta karon farko cikin makonni. Babur ya yi tari, ya yi wata irin atishawa, ya mutu. Ya buga kik har gumi ya jiƙa masa sabuwar shadda. Na ce, "Bawana, mun sauka ne, ko ba mu tashi ba tukuna?" Ko kallona bai yi ba.

Da ya kwance fulogi sai ga bakinsa ya cushe da wani abu toka-toka mai tauri, ba irin baƙin hayaƙin da muka saba gani ba. Ya kira abokin nan nasa a waya, ni kuma ina jin komai.

"A babur ka zuba? Inna lillahi! Ai man nan akwai dalma a cikinsa. Ko a jirgi, in aka bar injin yana aiki a hankali bai yi zafi ba, dalmar taruwa take a bakin fulogi ta kashe wuta. Amma dai kana gudu da shi ko?"

Kafin bawana ya buɗe baki, ni na amsa, na ce tun da aka zuba man, ko akuya bai taɓa wucewa ba.

Ya samo 'yar ƙusa ya durƙusa yana kankara. Rana kuwa tana ta ɗagawa. Nan dariya ta ɗauke mini, don na san ba babur yake tunani ba, fuskar surukinsa yake gani. Sai Allah Ya kawo wani tsoho da amalanken shanu, zai je gona ta wajen Kademi. Ya yarda ya ɗauke ni da ragon. Babur kuwa ba a barinsa a daji, dole mai shi ya tsaya.

Na hau, na ce, "To, me zan ce wa surukinka?"

Ya ɗago, idonsa ya kaɗa, ya ce, "Ubangida, don Allah ka rufa mini asiri."

Shekara da shekaru ina jiran kalmar nan, amma da ta zo, wallahi tausayi ne ya kama ni.

Mun isa an riga an raba goro da dabino, liman ya zauna, dattijon yana tsaye yana duban hanya, fuskar nan a murtuke. Na sauke rago na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ina uban yaron?" Ina neman abin faɗa, sai wani tsoho daga kan tabarma ya ce, "Haba Malam, ɗan fari ne fa. Ashe har yanzu akwai yara masu kunya irin ta da!" Wurin ya ɗauka da sambarka. Dattijon ya dube ni, na ce, "Baba, ni dai a hanya na baro shi, ya ce ba zai iya ƙarasowa ba." Ban yi ƙarya ba. Na ga fuskarsa ta saki, aka yanka rago, aka raɗa suna.

Sai da azahar bawana ya iso, shadda duk baƙin mai, ya raɓa ta bayan gida don kada a gan shi. Mata suka hango shi suka ce kun gani, har yanzu kunya yake ji.

Abin mamakin shi ne abin da ya biyo baya. Surukin ya shiga ba da misali da shi a gari, bawana kuwa ya rasa yadda zai yi, dole ya zama mutumin da ake faɗa. Ya rage surutu, ya koma mansa na gidan mai, ya daina tsayawa nuna kansa. Dattijon ya rasu yana sa masa albarka, bai taɓa jin labarin fulogi ba.

Ranar na koyi cewa abin da aka yi don jirgi ba lallai ya yi wa babur daidai ba. Na kuma koyi abin da ya fi wannan: wani lokaci in ka rufa wa mutum asiri aka yi masa kyakkyawan zato, sai ya ji nauyin ƙaryata shi. Yaron da aka yi wa suna yanzu ya fi ubansa tsawo, kuma har yau in mun haɗu, uban ne yake fara gaishe ni.