Inci Ɗaya da Rabi da Arvid Ya Yanke

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Arvid Tollefsen a shagonsa na gyaran bindigogi da ke bayan tsohon rumbun alkama na garinmu Sandvik. Matarsa Lorna ta kai masa kofi, ta tarar da shi zaune a kujerarsa, tabarau a goshi, rediyo na ta karanto farashin shanu. Shekarunsa tamanin da ɗaya. Da Lorna ta buga mini waya ban yi kuka nan take ba. Hannuna ne ya tafi da kansa ya shafa tabon da ke saman girata ta dama, sannan hawaye suka zo.

Arvid, kai ka san asalin tabon nan, amma bari in faɗa wa waɗanda ba su sani ba.

Shekara ashirin ke nan da mijina Merle ya rasu. Duk kaka, in lokacin farautar barewa ya kama, mukan hau tudun da ke bayan gonarmu, shi da bindiga, ni da wuƙa da butar kofi. Naman nan shi ke fitar da mu hunturu, amma ba don nama kaɗai nake hawa ba. A can ne kawai Merle ke buɗe baki ya yi hira kamar mutane. Da ya tafi, sai na ce tudun nan ba zai ga bayana ba. Na ɗauki ƙatuwar bindigarsa, mai lamba ɗari uku, wadda aka yi domin manyan namun dawa da manyan maza masu son a san da zamansu, na hau ni kaɗai. Sau biyu kawai na taɓa harba ta, kuma duk sau biyun sai da ta bar mini kafaɗa baƙi wuluk.

Namijin barewa ya fito, tazarar taku ɗari da hamsin. Na danna kunama. Bindigar ta hankaɗo ni, bakin madubin hangen da ke kanta ya sare ni a gira, jini ya rufe mini ido. Shi kuwa namijin barewar, a ciki harsashin ya same shi, ba a ƙirji ba. Kwana biyu ina bin ɗigon jininsa a kan ƙanƙara. A rana ta uku na samu abin da karnukan jeji suka rage. Har yau in na tuna irin wahalar da dabbar nan ta sha saboda taurin kaina, kunya ce ke kama ni. Na rantse na bar farauta, na naɗe bindigar a bargo na kawo maka ka sayar mini da ita.

Ka dube ni ta saman tabarau, ka ce, "Verna, wa ya sare ki haka?"

Na ce ƙofar kabad ce.

"Kabad ɗin nan ya fitini gari," in ji ka. "Ke ce ta huɗu da ya sara a watan nan, kuma duk a gira ɗaya."

Ban yi dariya ba, don ran nan ko kusa ba na jin wasa. Kai ma ba ka matsa ba. Ka karɓi bindigar ka jingine ta, ka ce ba ka sayar da komai sai ƙanƙara ta narke. Da bazara ta shigo sai ga ka a ƙofar gidana da tsohuwar motarka, wai in zo in raka ka ramin tsakuwa, inda 'yan gari ke gwada saiti. Na ce ai na gaya maka na daina. Ka ce ka ji, amma ka riga ka ƙona mai.

A can ne ka yi mini dabarar da ka yi wa rabin maharban yankin nan. Ka kafa farantin takarda, irin na cin abinci a taron coci, ka ce faɗinsa daidai da inda ya kamata harsashi ya sauka a ƙirjin barewa. Ka sa na juya baya, kai ka riƙa ɗura bindigar Merle kana miƙo mini. Harsashin farko ya tashi, na biyu ya tashi, farantin yana nan lafiya lau. A na uku na danna, sai na ji ƙas, babu ƙara. Ashe harsashin da babu albarushi ka saka. Amma ni na riga na runtse ido biyu, na noƙe wuya, na fizgi bakin bindigar ƙasa kamar zan harbi takalmina. Da idona na ga abin da ƙarar bindiga ke ɓoye mini. Haushi ya kama ni, na ce maka tsohon banza mai yaudara.

"Na yarda," ka ce. "Amma hannunki lafiyarsa ƙalau. Jikinki ne ya san za a doke shi, yake gudu tun kafin dukan ya zo. Kuma yana da gaskiya."

Sai ka shiga zaɓa mini tawa. Sati uku ka yi kana wannan aiki, kamar mai neman wa 'yarsa gida. Ka tsayar da mai lamba biyu-huɗu-uku, wadda bugun kafaɗarta bai kai rabin na waccan ba, wadda mazan gari masu zaman hira a teburin kofi ke kira bindigar yara. Na ce ba zan hau tudun Merle da abin wasa ba. Ka ce barewa ba ta karanta lambar da ke gindin harsashi, in na tsaya cikin taku ɗari biyu na sa shi a faranti, ƙarama ta isa har ta yi saura. Ka sa na zo da jibgegiyar rigar sanyina cikin zafin watan Yuli, ina ta haɗa gumi ina zaginka a zuci, don ka auna tsawon ƙotar a yadda zan riƙe ta ranar farauta. Ka yanke inci ɗaya da rabi, ka sa mata roba mai taushi. Madubin hange ma ƙarami ka ɗora, ba irin na masu son ƙirga gashin idon barewa daga wata jiha ba, ka ja shi gaba har yatsu huɗu suna shiga tsakaninsa da girata. Ka ce kabad ya gama da ni.

Kakar nan na hau tudu. Harsashi ɗaya, barewar ta yi taku uku ta kwanta. Na zauna a kan dutse na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Merle. Kai ka mayar mini da tudun nan, Arvid, kuma ban taɓa faɗa maka haka da bakina ba. Tsiran nama kawai nake kai maka duk Kirsimeti, kai kuma kana cewa gishiri ya yi yawa.

Ba ni kaɗai ba ce. Sau nawa mutum ya shigo da kuɗi a hannu yana son mafi girman abin da ke bango, ka kai shi ramin tsakuwa, ya dawo da ƙarama da kunya, kai kuma ka rasa riba? Duk Asabar biyu kafin a buɗe farauta kana can tun safe kana gyara wa mutane saiti kyauta. Wuƙaƙen kicin ɗin coci kai ke wasa su. Ga ka da baƙin rai in an taɓa maka kayan aiki, ga ka da riƙo, don shekara bakwai ka yi ba ka gaisa da wani makiyayi ba saboda ya harbi barewa ya ƙi bin sawunta.

Amma kai ma ɗan garin nan ne. Taka bindigar babba ce, tun ta samartaka, kuma ko kusa ba ka son a yi maganarta. Bara likita ya ɗora ka a kan maganin tsinka jini. Lorna ta raɗa mini a bakin coci cewa harbi biyu ka yi, kafaɗarka ta yi baƙi har zuwa gwiwar hannu, 'yarku Britta kuma ta ce ko ka ajiye farauta ko ta kwashe bindigogin. Ranar gwada saiti na gan ka ka kuskure faranti sau biyu, ka ɗora wa iska laifi, alhali ko ganye ba ya motsi. Na jira kowa ya watse. Na ce ka juya baya in ɗura maka. Ka san abin da zan yi, ni ma na san ka sani, amma ka juya.

Ƙas. Ido biyu a runtse, bakin bindiga a ƙasa.

Ka daɗe kana kallon tsakuwa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ran nan ba, na kuma ji tsoron ka ce shi ke nan, ka gama.

"To, malama," ka ce, "me za ki rubuta wa mara lafiya?"

Na ɗauko tawa daga mota na miƙa maka. Ka kafa ta a kafaɗa, ta yi maka gajarta, hancinka har yana taɓa babban yatsanka. Muka koma shago. Ka jawo wata durowa cike da guntayen katako, kowanne da rubutun fensir, ka tona ka zaro ɗaya. Verna Kuchar, Yuli, da shekarar. Ashe duk ƙotar da ka taɓa yankewa kana ajiye guntunta, ko wata rana mai ita zai buƙata. Shekara goma sha takwas yana kwance a nan. Ka mayar da shi da kusoshi biyu, ta dawo daidai da kai.

Ranar tara ga Nuwamba muka hau tudun Merle tare, kana hutawa duk bayan taku hamsin kana cewa kallon ƙasa kake yi. Ni na riƙe wuƙa da butar kofi. Taku ɗari da ashirin, harsashi ɗaya. Barewar ba ta san abin da ya same ta ba. Ka cire hula, sannan ka ce kada in kuskura in faɗa wa teburin kofi da wace bindiga ka yi. To, ga shi na faɗa. Ka zo ka hana ni.

Jiya Britta ta kawo mini bindigar, ka goge ta tas ka shafa mata mai. Raina ya so in bar ta yadda ka bar ta, da tsawonka. Amma na san abin da za ka ce: bindigar da ba ta dace da kafaɗa ba, dabba ce ke shan wahalarta. Na kwance kusoshin nan biyu. A fuskar guntun ta ciki, ƙarƙashin sunana, ka ƙara layi ɗaya da fensir: Arvid T., aro. Na kai wa Lorna, ta sa maka shi a aljihun kwat ɗin da za a binne ka da ita gobe. Ba aro ba ne, tsoho. Na bar maka.

Allah ya jiƙanka, Arvid, ya yafe maka kurakuranka, ya yi maka sauƙi irin wanda ka nema wa kowace dabba da kowane mutum da ya shigo shagonka da tabo a gira. Lorna, Britta, da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya tsaya muku a wannan rashi. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo.

Verna Kuchar
Sandvik, Montana