Layin da Tijani Ke Bari a Bango

Duk ɗakin da Tijani ya yi wa fenti a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, sai ya bar layi guda daga rufi har ƙasa, faɗin tafin hannu, ba ya shafe shi sai ya gama da tsani. Masu gidaje sun yi mita har sun gaji. Da wa za ka yi faɗa? Mutumin kurma ne tun haihuwa, in ka dame shi da nune-nune sai ya juya maka ƙeya.

Ba iya shege ba ne. Tijani ɗan Tasawa ne, bai fara tafiya ba sai da ya kusa shekara uku, kamar yayarsa Rakiyatu, wadda yanzu ba ta ji ba ta gani, ko tsayuwa sai an riƙe ta. Wani likita ya taɓa zana masa a takarda cewa akwai abin da ke cikin kunne mai gaya wa jiki ina sama ina ƙasa, nasa kuwa bai taɓa aiki ba. Ido ke tsayar da shi. Idon ma ya fara da dundumi, yanzu ganinsa ya tsuke kamar mai leƙe ta bakin kwalba. In yana kan tsani, layin nan mai duhu yake kallo ya san a miƙe yake. Bai bari kowa ya sani ba, don yana tsoron a raba shi da aikin.

Wata Talata yana sama yana shafe rufin wani falo, sai Yunus, magini ɗan Maraɗi mai shegen son taimako, ya ga layin. Ya ɗauka mantuwa ce, ya tsoma burushi ya shafe shi tas.

Tijani ya sauke kai ya nemi layinsa. Fari fat ko'ina. Bai san ko tsanin ne ya karkace ko shi ba. Ya saki gwangwanin fenti, ya rungume ƙarfen tsanin, ya yi wata irin kururuwa da ta tsayar da masu aiki har a waje.

Mutum uku suka ɓamɓare yatsunsa suka sauko da shi. Ya zauna ya dafa siminti da hannu biyu.

Mai kwangilar da ya ɗauke shi aiki na tsaye a bakin ƙofa, ya ga komai. Bai yi faɗa ba. Ya sunkuya ya ɗauki burushin Tijani, ya miƙa wa Yunus.