Yadda Malam Mai Awo Ya Auna Surukinsa

Ku da kuka san Malam Idi Mai Awo, kun san ba a gama gaisawa da shi bai saki dutse ba. Sai ya zaro tsakuwa daga aljihu, ya ɗaga, ya sake ta, ta faɗi tim. "Ka gani? Tara da ɗigo tamanin da ɗaya!" Wai gudun duk abin da ke faɗowa yana ƙaruwa da mita tara da santimita tamanin da ɗaya a sakan, kowane sakan. Ya koyar da fizik a lise, wato babbar sakandare, nan Maraɗi har ya tsufa. Da ya aje aiki ya koma Tsibiri, sai garin duka ya zame masa aji, ba tare da an tambayi kowa ba.

Ya taɓa zuwa Jiratawa sayen randa. Ya ce da mai tukwane, "Lita nawa take ci?"

"Garwa biyu, Malam."

"Garwa galan huɗu ce. To galan na Ingila ko na Amurka?"

"Na kananzir!" in ji ta. "In ba ka saye, matsa mini."

Ya saya, amma bai bari an sha ruwanta ba sai da ya cika ta da kwalbar lita ɗaya, yana ƙirgawa, iyalinsa na tsaye da ƙishirwa.

To ni kuma tsautsayi ya kai ni neman ɗiyarsa Ramatu. Ni mai sayar da bututun famfo ne a kasuwa, kayana daga Najeriya suke, komai inci da ƙafa, awon Ingila. Na je gaishe shi, na durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau. An ce kai mutumin ƙafa ne. Tahi ka mai da mini tara da ɗigo tamanin da ɗaya zuwa ƙafa. In ka kasa, ba ni ba da ɗiyata ga wanda bai san mi ke riƙe da shi bisa ƙasa ba."

Wayyo ni! Boko iyakata firamare, kuma ina son yarinyar nan kamar raina. Ga wani ɗan duwan, wato kwastan, mai mota na zagayen gidan don ita. Na rufe shago, na shimfiɗa ma'aunina a bakin titi, na auna mitocin nan, na juya gefen ƙafa. 'Yan kabu-kabu na wucewa suna cewa, "Sannu, kabari ka ke auna ma raƙumi?" Na koma da gudu.

"Baba, ƙafa talatin da biyu da inci biyu!"

Ya gyaɗa kai. Har na fara murmushi, sai ya ce, "Sakan ɗin hwa? Ka mai da shi?"

Jama'a, sai da na yi ta yawo ina neman sakan ɗin Ingila. Har wurin mai gyaran agogo na je, ya dube ni ya ce in nemi addu'a. Kullum yamma in hau babur in tafi Tsibiri, Malam ya zaunar da ni kan tabarma, ya yi ta zane a ƙasa, ni kuwa ko ƙeyar Ramatu ban gani. Daga ƙarshe ya fashe da dariya. "Sakarai! Sakan ɗaya ne ko'ina. Turawa sun raba komi, lokaci ne kaɗai ya gagare su."

Aka ɗaura aure. Na yi zaton na gama makaranta. Ina! Ko suna muka je, sai ya ja ni gefe ya tambaye ni saurin haske da mil.

Da ciwo ya kwantar da shi, na zauna kusa da shi na ce, "Baba, don Allah, da na kasa, da gaske za ka hana ni ita?"

"Haba," in ji shi. "Tun ran da ka hwara zuwa na ce da uwarta na ba ka."

"To wahalar nan duka ta mece ce?"

Ya ce, "Tun da na bar aji, kowa ya hango ni sai ya sake hanya. Kai kaɗai ne ka ke dawowa."

Na yi shekaru ina ba da labarin nan don a yi dariya, ban taɓa sanin kewa ce ke damun tsohon ba. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi maƙwabta masu son zama da shi. Amin.